Hannayen Gwaggo a Talabijin

Ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare a Gumel, lokacin da aka buɗe karatu kyauta ga kowa, azuzuwa suka cika har wasu yara na zama a gindin darbejiya, sai hedimasta ya aiko a kira ni ana tsakiyar darasin lissafi. Na same shi a ofis da wata takarda a hannu, ya riƙe ta da yatsu biyu don kada ta yamutse.

Ya ce, "Malama, mutanen talabijin ne za su zo daga birni. Shiri suke yi a kan sana'o'in mata. Sun ce a samo musu mace mai jin Turanci, wadda za ta shigar da su cikin gidaje. Na tuna kin taɓa cewa gwaggonki tana man gyaɗa a Gagarawa."

Kafin ya rufe baki na amsa. Ba zan ɓoye ba, har cikin raina na ɗauka ni ma za a gan ni. Sau uku na taɓa kallon talabijin a rayuwata, duk a birni, kuma a duka ukun ban ga mace tana magana ba sai wata Baturiya da ke kuka a cikin wani fim. Na wanke atamfata mai ruwan ganye, na zuba gawayi a dutsen guga na goge ta har sau biyu. Na rubuta tambayoyi a bayan littafin shirya darasi, na riƙa karanta wa madubi su da wata murya da ban san inda na samo ta ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidan babban ɗanta. Ta fi shekara talatin tana matsar mai. Direbobin da ke bin hanyar Maigatari sukan ratse su cika kwalabensu a wurinta, har mutanen Damagaram kan aiko da jarkokinsu, waɗanda suke kira bido. In ta damƙi gyaɗa ta murza ta kai hanci, za ta gaya maka ko ta bana ce ko ta kwana biyu a rumbu, da yawan man da za ta bayar. Baƙa ce wuluk, da tsagen Mangawa, dangin Barebari, a kumatu, haƙorinta ɗaya na gaba ya fita, sauran goro ya rina su. Hannayenta kuwa duk tabon ƙuna ne.

Da na kai mata labari ba ta yi wani ɗoki ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko baƙin za su ci abinci.

Ranar Asabar da hantsi suka iso a wata doguwar farar mota. Ban da direba su uku ne. Wanda ya fara fitowa shi ne mai shirin, saurayi ne da ba zai girme ni da yawa ba. Ya tara suma kamar an kifa masa kwando, ga baƙin tabarau, ga wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa yana share ƙasa, takalminsa mai tudun dunduniya sai nutsewa yake a rairayi. A tsaye ya gaishe da Gwaggo, hannu ɗaya a aljihu, ya ce, "Sannu, Iya," da irin muryar da ake sallamar mai talla.

Na biyu Bature ne, wai an ɗauko shi ya koya musu aiki. Gajeren wando ne a jikinsa, rana ta gasa shi ya yi jawur, ya rataya wata 'yar na'urar auna haske a wuya kamar laya. Na uku shi ne mai kyamara, mutumin kudu, baƙi, marar yawan magana. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, amma shi kaɗai ya ajiye kayansa ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ina kwana, Mama."

Na dubi su ukun, na dubi motar ko akwai wadda ta rage a ciki. Babu. Shiri ne a kan mata, an taso tun daga birni, kuma a duk gidan talabijin ɗin ba a samu mace ɗaya da za a ba wa kujera a motar ba.

Tun asuba Gwaggo ta fara aiki, kamar yadda na roƙe ta, ta ware kowane mataki da rabonsa don su ga komai. Ga ɗanyar gyaɗa a faifai, ga wadda aka soya a kasko da rairayi, ga wadda aka murje aka sheƙe ɓawonta, ga dakakkiya a turmi tana jiran ruwan zafi. Ta ɗaura zanen saƙi da ba ta fiddawa sai da salla. Matan gidan da na maƙwabta sun jeru a jikin danga.

Baturen ya zagaya turmin sau biyu. Ya kama 'yar na'urar nan ya kara ta a bayan hannunsa, ya duba. Sannan ya kai ta dab da kuncin Gwaggo, ya duba, ya girgiza kai. Ya juya ya yi wa mai shirin magana da Turanci, ko muryarsa bai rage ba. Wai ta yi duhu da yawa, in aka ɗauke ta ba abin da zai fito sai fararen idanu. Ya ce shi ya ga hotunan matan wannan yanki a littattafai tun yana ƙasarsu, dogaye ne masu siraran hanci, ina suke?

Mai shirin ya yi wata dariya ta neman shiga. Ya ce dama shi ma abin da ke ransa ke nan. Ga tsage, ga giɓi, ba irin fuskar da ya kamata a kai wa mutane falo suna cin abincin dare ba ce. Ya faɗi haka ne da Turancin da ko ɗan aji shida a makarantarmu zai gyara masa, amma ya faɗa da ƙarfi don Baturen ya san shi wayayye ne.

Mai kyamara ya ɗago daga kan kayansa. Ya ce a ba shi farin zane guda, a jawo turmin daga inuwa, zai fito da ita sarai har a ƙirga tsagen. Ya ce ya taɓa ɗaukar mahaifiyarsa, wadda ta fi wannan baƙi, kuma kowa ya gane ta.

Mai shirin ya ce, "Kai aikinka ka danna, ba shawara aka zo da kai ka bayar ba."

Ina tsaye da littafin tambayoyina, duk na ji. Gwaggo ta taɓa ni ta ce, "'Yar nan, me suke cewa?"

Na ce, "Maganar haske suke yi, Gwaggo."

Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji haushin kaina. Ina da Turancin da zan tsayar da su, na adana shi ina jiran a miƙo mini makirufo.

Ana cikin haka aka yi sallama. Wata Bafulatana ce da ke kawo nono gidan kusan kullum daga rugarsu ta bayan Gagarawa Tasha. Matashiya ce, tana da 'ya'ya biyu, fara, doguwa, da kitso mai tsabobi da awarwaro cike da hannu. Tsakaninta da Gwaggo akwai wasan nan na Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Babarbariya, yau kuma biki kike ba ki gaya wa uwar ɗakinki ba?"

Baturen ya kusa tuntuɓe da kasko. Ya nuna ta da hannu biyu yana maimaita cewa ga ta nan, ita ce wannan. Ya kai na'urarsa kusa da fuskarta, ta ja baya tana kallon Gwaggo.

Mai shirin ya cire tabarau a karon farko. Ya ce, "Baiwar Allah, zauna nan gaban turmi za ki yi, ki nuna mana yadda ake matsar mai."

Ta ce, "Ni? Ban taɓa matsar man gyaɗa ba. Man shanu nake kaɗawa. In shi kuke so ku zo ruga."

Na fassara wa Baturen, ina fata zai ce to, a ɗauki kowacce da sana'arta. Ya buɗe wata takarda ya nuna mini da yatsa, ya ce abin da aka rubuta man gyaɗa ne, kuma fim ɗin da suka zo da shi ba zai isa biyu ba.

Gwaggo ba ta jin Turanci, amma ba ta buƙatarsa. Ta dubi Baturen, ta dubi mai nono, ta dubi hannunta. Sannan ta ce da ni a hankali, "Ashe ni ce ba ni da hasken." Ban iya kallonta ba. Ta miƙe daga kujerarta, ta karkaɗe ta da gefen zane, ta ce da mai nono, "Zo ki zauna, baiwata. Yau ki ɗanɗana aikin iyayengijinki."

Abin da ya biyo baya da a ce ba gwaggona aka yi wa ba da na yi dariya har na faɗi. Mai nono ta riƙe taɓarya kamar sandar kora. Ba ta san cewa a wannan mataki ba daka ake yi ba, juyawa ake ana dannawa, ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Ta kwarara rabin moɗa lokaci ɗaya, gyaɗar ta zama kunu. Mai shirin sai cewa yake, "Yi murmushi, ɗago kai, kada ki kalli turmin." Matan da ke jikin danga suka toshe baki da mayafi. Gwaggo ta tsaya can inda kyamara ba ta kaiwa, tana cewa, "Juya hagu. Danna. Ba haka ba, kin ga nonon kirki ma ba ku iya ba."

Aka kwashe wannan, Gwaggo ta zuba wata dakakkiyar. Aka yi ta yi har rana ta take, ko ɗigon mai bai fito ba. Baturen ya fara duba agogo. A ƙarshe ya ce tsohuwar ta zauna ta yi, amma a ɗauki hannayenta kawai. Mai shirin kuwa, don ya nuna shi ma yana da basira, ya ce a cire awarwaron mai nono a sa wa Gwaggo don kada a gane. Biyu ne kawai suka wuce gaɓoɓin yatsunta, su ma da sabulu.

Ta zauna, ta ja turmin tsakanin ƙafafunta. Ba a daɗe ba tunkuzar ta haɗe ta yi sheƙi, man ya taso yana kwanciya a gefe, ta riƙa damƙa tana matsewa yana zuba ta tsakanin yatsunta. Mai kyamara ya durƙusa da gwiwa biyu a gabanta. Na lura ya ɗan ɗaga kan kyamarar sama zuwa fuskarta, ya riƙe ta a nan jim kaɗan, kafin Baturen ya dafa kafaɗarsa ya mayar da ita ƙasa.

Suna shirin naɗe waya na ce da mai shirin, tambayoyin fa? Ya dube ni kamar ya manta ina wurin. Ya ce to, a ɗauki murya, ba sai da hoto ba. Aka miƙo mini makirufo, shi kuma ya koma inuwar mota shi da Baturen, suna shan furar da mai nono ta dama musu.

Na yi tambayoyina, Gwaggo ta amsa. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Ta faɗi cutar da ta faɗa wa gyaɗa shekarun baya, ganye ya nannaɗe gonaki suka tashi a banza, har ta koma sayo ta ƙetaren iyaka a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ta ce iri mai kyau ya yi wuya, kuma in malaman gona sun zo da maza suke zama, ba wanda ya taɓa tambayar mai matsar mai wace gyaɗa ce ke da albarka. Ta ce da akwai injin niƙa a garin da ƙirjin mata ya huta. Ta lissafa zawarawan da ta koya wa sana'ar suke ci da kansu. Ta yi maganar hayaƙi da abin da yake yi wa ido. Mai kyamara ne ke riƙe da na'urar ɗaukar muryar, ba ya jin abin da take faɗa, amma bai kashe ba sai da ta ce ta gama.

Suka ci tuwon gero da miyar kuka, suka tafi da galan na mai da ƙullin ƙuli-ƙuli da Gwaggo ta ba su. Mai shirin ne ya karɓa, ya miƙa wa direba ba tare da ya duba ba.

Bayan kamar wata biyu hedimasta ya ce an aiko, ranar Laraba da yamma za a nuna. A lokacin gidajen da ke da talabijin a Gumel ba su da yawa. Akwai wani Alhaji mai fataucin shanu da ke da injin wuta da eriya a kan dogon ƙarfe, matarsa ƙawar mahaifiyata ce. Gwaggo ta biyo motar kasuwa ta zo tun azahar.

Akwatin talabijin ɗin yana falon Alhaji, falon kuma maza sun cika shi tun la'asar, malaman makarantarmu da ma'aikatan En'e da abokan kasuwancinsa. Mu mata aka ce mu tsaya ta tagar da ke kallon cikin gida. Sai da matar Alhaji ta aika masa sau biyu kafin aka ɗan karkato akwatin. Aka sa wa Gwaggo turmi a kife ta hau, ni ina riƙe da ita.

Hoton baƙi da fari ne, yana yayyafi saboda nisa. Fuskar mai shirin ta fito ta cika gilashin. Yana zaune a kujera mai hannu, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana bayyana yadda ya sha wahala ya ratsa daji don ya kawo wa masu kallo halin da matan karkara ke ciki. Ya daɗe yana wannan. Sannan ya karanto tambayoyina ɗaya bayan ɗaya, da kalmomin da na rubuta a bayan littafin darasi, ya amsa su da kansa.

Sai ga mai nono a gaban turmi tana murmushin dole. Muryarsa na bisa hoton, yana cewa wannan baiwar Allah ta gaji sana'ar ne daga kakanninta, kuma matan karkara mutane ne masu haƙuri da wadatar zuci, ba su da wata damuwa. Aka nuna fuskarta fara tas. Aka yanke, sai ga hannaye baƙaƙe masu tabo da awarwaro biyu suna matse tunkuza. Aka koma fuska. Aka dawo hannaye. Ko a cikin yayyafin nan makaho ne kawai ba zai gane mutum biyu ne ba.

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ikon Allah, fuska ta nono, hannu na ƙuli." Tagar ta kaure da dariya, har wani daga falo ya ce mata su yi shiru ana sauraron ilimi.

Daga duk abin da Gwaggo ta faɗa ba a sa ko kalma ɗaya ba. Ni kuwa an ga gefen mayafina sau ɗaya, yana wucewa ta kusurwa. A ƙarshe sunaye suka riƙa hawa. Na Baturen ne farko, sai na mai shirin har sau biyu, sai na wasu maza da ko Gagarawa ba su taɓa takawa ba. Na mai kyamara ne can ƙasa. Na karanta su duka a bayyane don matan su ji, ba sunan mace ko ɗaya.

Mazan suka fito suna yabo. Wani malamin makarantarmu ya ce an fitar da ƙasarmu kunya, an nuna wa mutanen birni mu ma muna da kyawawan mata. Hedimasta ya ce zai rubuta takardar godiya.

A hanyar gida na ce, "Gwaggo, ki yafe mini. Na ji abin da suka faɗa tun farko, na yi shiru."

Ta ce, "Na sani. Fuskarki ta gaya mini." Muka yi 'yar tafiya, sannan ta ƙara da cewa, "Amma yaron nan mai durƙuso ya iya aikinsa. Kin ga yadda man ya fito? Ko a ido bai fi haka kyau ba."

Mai nono ba ta taɓa ganin shirin ba. Ta ce ita dai abin da ta samu ciwon baya ne na kwana uku. Sai dai labari ya bazu, duk inda ta sauke ƙwarya a tasha sai an tsokane ta a ce ina man. Da ta gaji, ta zo ta ce da Gwaggo ta riƙa ba ta kwalba biyu-uku tana ɗorawa a kan faifan nono. Haka suka yi shekaru, ita ta kai, Gwaggo ta matsa, suna zagin juna a kan wacce ke ci da wacce.

Da damina ta wuce hedimasta ya sake kira na. Wata takardar ce daga mai shirin. Wai shirin ya samu karɓuwa, za su zo Sule Tankarkar su ɗauki mata masu saƙar faifai. Yana so malamar nan ta riga su zuwa, ta tace musu waɗanda za su yi kyau a hoto, don kada a ɓata lokaci irin na wancan karo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da jarrabawar yara da zan duba."

Ya ce, "Ranar Asabar ce fa, Malama."

Na ce, "Ranar Asabar nake dubawa."

Ya tura malamin nan da ya ce an fitar da mu kunya. Suka je, ba gidan da aka bar su suka wuce zaure, don ba mai shigar da garada huɗu wurin iyalinsa. Ban je kallon wannan ba, matar Alhaji ce ta ba ni labari. Ta ce an nuna rijiya da jakuna biyu, sannan aka nuna dattawa a gindin tsamiya, kowanne riƙe da faifan matarsa, suna yi wa mai shirin bayanin yadda ake saƙa shi.